Ciwon Muƙamuƙin da Ya Kusa Raba Ni da Koyarwa

Tun ina ƙarama nake cizon haƙora a cikin barci. Yayata da muke kwana ɗaki ɗaya ita ta fi kowa shan wahalar abin, don sau da yawa takan tashe ni tsakar dare ta ce ƙarar ta hana ta runtsawa. A gida an ɗauka tsutsar ciki ce. Aka ba ni maganin tsutsa, ƙarar ba ta daina ba, a hankali kowa ya saba. Da na fara zama budurwa sai wani abu ya ƙaru: in na yi hamma sai in ji ƙas a gaban kunnena na dama. Babu zafi ko kaɗan. Har wasa na mayar da shi, ina sa ƙawayena su kara kunne su ji.

A haka na yi karatu, na zama malamar makaranta, na yi aure, na hayayyafa. Da a lokacin wani ya ce mini muƙamuƙi zai iya hana mutum neman abincinsa, da dariya zan yi masa.

Ciwon ya soma ne a shekarar da mahaifiyata ta kwanta doguwar jinya. Ni ce a kusa, don haka jinyar a kaina ta faɗo. Da safe ina aji, da yamma ina asibiti, dare kuwa barci rabi da rabi, kunnena na kan numfashinta. Ba na kuka a gabanta, ba na yi a gaban yara. Duk abin da ya taso mini sai in haɗiye, in datse haƙora, in ci gaba da abin da ke gabana. Ina jiran sakamakon gwaji haƙorana a datse, ina duba takardun ɗalibai haƙorana a datse, kuma ban ma san ina yi ba. Daga ƙarshe rai ya yi halinsa, Allah ya jiƙanta da rahama. Bayan jama'a sun watse gida ya yi tsit, sai na tashi wata safiya na ji bakina ya ƙi buɗuwa yadda ya saba, gefen fuskata na dama ya yi nauyi, kunnen yana mini zugi.

Wanda bai taɓa yi ba da wuya ya gane irin wannan ciwon. Ba ya sara irin na ruɓaɓɓen haƙori. Nauyi ne da gajiya da wani zugi a can ciki, wanda ba ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya. Yau yana gaban kunne, gobe ya hau gefen kai, jibi ya gangaro wuya ko ya zauna a haƙoran turmi. Da safe ya fi tsanani. In na yi doguwar magana ko na tauna abu mai tauri, sai ya tashi gaba ɗaya.

Likitan kunne na fara gani, tunda a nan nake jin abin. Ya haska, ya ce kunnena tas yake. Na koma wurin likitan haƙori, aka ga ɗan rami a turmin ƙasa, aka cike. Ciwo yana nan daram. Da na sake komawa aka ce wataƙila jijiyar haƙorin ce ta taɓu, a cire shi kawai a huta. A halin da nake ciki, ko haƙora nawa aka ce a cire zan miƙa baki. An sha fama kafin ya fita, bakina a wangame tsawon lokaci. Da allurar kashe zafi ta sake ni da dare, sai ga ciwon ya dawo daidai inda yake, a gurbin haƙorin da babu shi. Muƙamuƙin kuma ya ƙara ƙagewa saboda daɗewar da ya yi a buɗe. Na zauna a bakin gado ina taɓa ramin da harshe, ina tambayar kaina: in ba haƙorin ba ne, to mene ne?

Daga nan na koma rayuwa da ƙwayoyi. Ibufurofen da safe, dikulofenak da dare. Sukan lafar da ciwon na 'yan awowi, ya dawo. Bayan wasu watanni cikina ya fara ƙuna, likitan da ya duba ni ya ce gyambon ciki ne ya soma, kuma irin waɗannan magunguna in an daɗe ana sha suna cin bangon ciki, suna iya taɓa ƙoda. Ya ce in daina nan take. Wata abokiyar aiki, don tausayi, ta kawo mini tiramadol ta ce shi ba ya taɓa ciki. Na karɓa na yi godiya, na jefa a jaka, ban sha ba. Na ga yadda wannan ƙwayar ke kama mutum ta ƙi sakinsa, ciwona kuma ba na kwana biyu ba ne balle in ce in sha ya wuce.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne aji. Malami bakinsa ne jarinsa. Darasin farko nakan daure, a na biyu murya ta fara ja baya, kafin a tashi kuwa kowace kalma sai na auna ko ta cancanci a faɗe ta. Na koma cika allo da rubutu ina nuni da hannu. Ɗalibai suka ɗauka fushi nake yi da su. Wata yarinya da ke zama a gaba ta same ni bayan an fita, tana wasa da yatsunta, ta ce, “Malama, laifin me muka yi kika daina yi mana dariya?” Na ce mata babu komai, haƙori ke damuna. Ko murmushin da na yi mata don hankalinta ya kwanta, sai da ya ja mini zugi.

A gida ma haka. Na daina cin abinci tare da kowa, saboda ba na son a ga yadda nake gutsura kaɗan-kaɗan ina turawa ta gefe ɗaya. Na rame. Hira da maigida ta koma e da a'a. Masu zuwa dubiya su kalli fuskata, babu kumburi babu rauni, sai su ce, “Ki rage sa damuwa a ranki, mutuwa ai tana kan kowa.” Na san da alheri suke faɗa, amma ni abin da nake ji shi ne ba su yarda akwai ciwon ba. Dare ya yi kuma tsoro ya zo. Na riƙa laluben gefen wuyana ina neman ƙari, na gama yanke wa kaina cewa ciwon daji ne likitoci suka kasa gani. Har takardar ajiye aiki na rubuta, na soke ta a cikin littafin darasi ina yawo da ita.

Ana cikin haka aka kwatanta mini wani asibitin haƙori mai na'urori na zamani. Likitan ya sa na ciji wata siririyar takarda mai launi, ya nuna mini inda ta bar tabo a haƙorana. Ya ce matsalar ita ce na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai. Za a goge wasu a rage musu tsawo, a yi wa wasu rufi, cizo ya daidaita, ciwo ya tafi. Bayaninsa ya shige ni, don shi ne mutum na farko da ya ce ya san abin da ke damuna. Na dawo gida da murnata. Maigida ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, “Wancan da aka cire, an iya mayar da shi? Wannan ma in an goge an goge ke nan. Ki yi haƙuri mu ƙara jin bakin wani.” Na ji haushi ƙwarai, a ganina kuɗin yake ji. Amma na haƙura.

Wadda muka gani daga ƙarshe likita ce a sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na wani asibitin koyarwa, kuma ciwon fuska ne abin da ta fi mayar da hankali a kai. Kafin ta taɓa ni sai da ta daɗe tana tambaya: yaya barcina, ina ciwon kai, ina ciwon wuya, me ya faru a gida kafin abin ya fara. Da na ambaci mahaifiyata sai ta ajiye biro ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ci gaba. Ta ce in jera yatsuna a tsaye in sa tsakanin haƙoran gaba. Biyu suka shiga da ƙyar. Ta ce yawancin mutane uku ke shiga, wato wajen milimita 40 ko fiye. Sai ta sa safar hannu, ta ɗora yatsa a kuncina, ta ce in cije. Ta lalubo tsokar da ta taso, ta bi ta a hankali har ta kai wani ɗan ƙulli, ta danna. Na zabura. Ciwon ya harba kai tsaye zuwa gurbin haƙorin da aka cire, ya shige kunne.

“Shi ne ciwon da kika sani?”

“Shi ne, Likita. Wallahi shi ne.”

Kuka ya ƙwace mini a wurin. Karo na farko ke nan da wani ya ɗora hannu a kan ciwon nan ya ce ga shi.

Ta jawo ƙoƙon kai na roba ta nuna mini. A gaban kowane kunne akwai gaɓar da ta haɗa ƙashin muƙamuƙi da ƙoƙon kai, a tsakaninsu kuma akwai ɗan faifan guringuntsi da ke zamewa gaba da baya in an buɗe baki. Ƙas ɗin da nake ji faifan ne ke ɗan gocewa yana komawa mazauninsa. Ta ce wannan shi kaɗai ba cuta ba ce, don in aka yi wa mutanen da ba su da wani ƙorafi hoton cikin jiki da ake kira MRI, kusan ɗaya cikin uku za a ga faifan nasu a goce. Nawa ciwon mafi yawansa a tsoka yake: ta kunci, da mai faɗin nan ta gefen kai, da wasu a can ciki bayan haƙora. Babbar jijiya ɗaya ce ke kai saƙon ji daga waɗannan tsokoki da haƙora da wani ɓangare na kunne zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ƙwaƙwalwar kan rikita inda saƙon ya fito, mutum ya rantse haƙori ne. Likitoci sun haɗa waɗannan matsaloli a ƙarƙashin suna ɗaya, TMD, kodayake wani babban rahoto da cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2020 ya ce sun haura iri 30. Mata sun fi kamuwa, wajen ninki biyu na maza.

Can sai ta ce, “Malama, dunƙule hannunki. Ba da ƙarfi ba, kaɗan kawai. Riƙe haka.” Ta ci gaba da rubutunta. Ba a jima ba hannun ya fara tsami. Ta ɗago ta ce, “To haka muƙamuƙinki yake wuni, haka yake kwana. Yanzu da kike zaune shiru, haƙoranki a haɗe suke ko a rabe?” Na duba, a haɗe suke. Ta ce haƙoran sama da na ƙasa ba su da dalilin taɓa juna sai wajen tauna da haɗiya. Sauran lokaci leɓe a rufe, haƙora a ɗan rabe, harshe a kwance a ganɗa. Duk shekaruna ban taɓa jin wannan ba.

Na ba ta labarin shawarar goge haƙora. Ba ta kushe kowa ba. Ta ce tsohon tunani ne: a 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya danganta ciwon kunne da na muƙamuƙi da rashin haƙoran baya da lalacewar cizo, aka yi shekaru masu yawa ana gini a kan haka. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa rashin daidaiton cizo ne ke kawo ciwon ga yawancin mutane ba, bai kuma nuna goge haƙora yana warkar da shi ba. Tun a 1996 wani taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta kira ya ba da shawarar a fara da hanyoyin da in ba su yi amfani ba za a iya barinsu a koma yadda ake. Ta ce, “Duk abin da aka ce za a yi miki, ki fara tambaya: in bai yi ba, za a iya warware shi?” A hanyar komawa gida maigida bai ce uffan ba, ni ma ban ba shi ƙofa ba.

Abin da ta ɗora ni a kai, a ranar raina shi na yi. Babu allura, babu tiyata. In riƙa gasa kunci da tawul mai ɗumi safe da dare, wajen minti 15. Abinci mai laushi a yanka ƙanana, na ɗan lokaci kawai, don in tsoka ta daɗe ba ta aiki rauni take yi. In riƙa tauna ta ɓangarori biyu. In bar cingam, in bar cizon biro da farce, in bar maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, in bar tagumi. Tagumin nan ya ba ni wuya, domin tun rasuwar ya zame mini jiki. In hamma ta zo in tallabe haɓa da hannu. Sai babban aikin, wato in riƙa kama kaina ina datse haƙora. Na mammanna ƙananan takardu a gefen allo, a madubi, a bayan waya. Duk wadda idona ya faɗa a kai sai in duba bakina. Makon farko abin ya tsorata ni. Kusan duk dubawa a datse nake samunsu, har a lokutan da nake ganin hankalina a kwance yake.

Ta kuma tura ni sashen gashin ƙashi da motsa jiki. Da na ɗauka masu karaya da shanyewar ɓarin jiki kaɗai ke zuwa can. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni takan sa safar hannu ta shigar da babban yatsa cikin bakina, sauran yatsun a waje, ta kama tsokar kunci a tsakani, ta nemo ƙullin ta matse, ta riƙe. Zafin yakan hau har hawaye su zubo, sai a hankali in ji ƙullin yana saki a ƙarƙashin yatsan nata. Ranar da washegari wurin kan yi tsami, sannan in samu sauƙin da ya fi na baya. Ta koya mini buɗe baki a gaban madubi, harshe a ganɗa, sannu a hankali, haɓa ta sauko a miƙe ba tare da ta karkace gefe ba. Ta gyara mini zama: ashe in ina duba takardu kaina zurowa gaba yake yi, wuya ya ɗauki nauyin, muƙamuƙi ya taya shi. Ƙas ɗin kuwa cewa ta yi in rabu da shi. Sauƙin yau gaba gobe baya ya riƙa zuwa, wani makon har in ce duk aikin banza muke yi. Sai da aka ɗau watanni kafin wata rana na gwada na ga yatsa na uku ya shiga.

Wanda na fi ƙi shi ne ganin masaniyar halayyar ɗan Adam. Da likita ta kawo maganar sai na ce, “Likita, ke ma kin koma cewa a kaina abin yake?” Ta ce a'a, ciwon gaskiya ne, ita da kanta ta taɓa shi. Amma ciwon da ya wuce wata uku yakan sauya yadda jijiyoyi ke aiki, su ƙara saurin ji, abin da bai kai ya yi zafi ba ya yi. Rashin barci da fargaba da baƙin ciki kuma suna ƙara rura shi. Ta ba ni labarin wani dogon bincike mai suna OPPERA da aka fara a Amurka a 2006. An bi dubban mutanen da ba su da ciwon, aka ga kusan 4 cikin 100 na kamuwa a kowace shekara, kuma masu fama da rashin barci mai kyau, da damuwa, da wasu ciwuka a jiki su suka fi saurin kamuwa.

Na je ba da son raina ba. Irin zaman da ake kira CBT ne, ba a ba da ƙwaya, magana ce da aikin gida. Ta sa na riƙa rubuta abin da ke zuwa mini a rai duk sanda ciwon ya tashi. Da na karanta mata a zama na gaba, ni kaina na ji nauyin kalmomin: “Shi ke nan ya dawo. Ba zan warke ba. Aiki ya ƙare.” Ta tambaye ni, tashin da ya yi na baya, ya lafa ko bai lafa ba? Me na yi ya taimaka? Ta koya mini raba magana a aji, in yi bayani kaɗan in ba ɗalibai aiki, maimakon in zuba duka a ranar da na ji dama-dama washegari in kwanta. Ta koya mini jan numfashi a hankali da sakin tsokoki ɗaya bayan ɗaya kafin barci. A ofishinta ne kuma na yi wa mahaifiyata kukan da ban yi ba. Ban ce kukan ne ya warkar da muƙamuƙi ba, tsokar sai da aka yi mata nata aikin. Amma daga lokacin barcina ya fara dawowa, kuma duk daren da na yi barci sosai, safiyarsa ciwon da sauƙi.

Magani ɗaya likita ta ba ni, amitiriftilin, ɗan kaɗan da dare. Asalinsa na ciwon damuwa ne, amma a ƙaramin awo ana ba da shi don ciwo mai daɗewa. Yana busar da baki, kuma da farko yakan bar ni da magagi da safe, sai aka matso da lokacin shan zuwa farkon dare. Ba maganin da mutum zai saya da kansa ba ne, musamman mai matsalar zuciya. An kuma auna haƙorana aka yi mini roba mai tauri da ke rufe na sama duka, ina sawa in zan kwanta. Gaskiya ban ga ta rage ciwon a zo a gani ba. Amfaninta a wurina kare haƙora ne, don in ka ga yadda na sassaƙe ta da cizo sai ka tausaya wa haƙoran da suka yi shekaru suna shan wannan. Likita ta ja mini kunne a kan mai laushin nan da ake saya a tsoma a ruwan zafi a cije, ta ce wasu ƙara tauna take sa su. Wadda kuma ba ta rufe haƙora duka ba tana iya gusar da su in an daɗe ana sawa.

A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da jagora a kan wannan ciwon in ya zama mai daɗewa, bayan masana sun tattara gwaje-gwaje sama da 150. Likitata ce ta nuna mini a wani zuwa da na yi, muka bi shi tare. Waɗanda suka samu goyon baya mafi ƙarfi su ne abubuwan da na raina a farko: zaman CBT, atisayen muƙamuƙi da miƙar da tsokoki a ƙarƙashin kulawar masani, danna ƙullin tsoka da hannu, gyaran zama da tsayuwa, da yi wa mara lafiya bayani a kwantar masa da hankali. Tsira siraran allurai a jiki irin na likitancin ƙasar Sin ya samu goyon baya mai rauni. Robar haƙora, da allurar Botox mai raunana tsoka, da allurar sitiroyid mai rage kumburi, da hasken lesa, da wanke gaɓar da allura, duk an ce hujjarsu ba ta kai a riƙa yi wa yawancin masu ciwon ba. Abubuwa uku kuwa an ce a guje su ƙwarai: na'urar baki mai sauya cizo har abada, cire faifan gaɓar da tiyata, da haɗa magunguna irin su ibufurofen da masu kama jiki dangin tiramadol da kodin.

Botox ɗin na taɓa kwaɗayinsa, don na ga ana ta yabonsa a intanet. Raunana tsokar yake yi na 'yan watanni, sai a sake, kuma akwai fargabar cewa yawan yin sa na iya rage ƙwarin ƙashin muƙamuƙi. Na bar shi. Tiyata dai tana da wurinta. Akwai wanda gaɓarsa ta kulle ƙam, ko amosanin gaɓɓai ya cinye ta, ko ƙashin ya manne bayan haɗari. Ga irin waɗannan, wanke gaɓa ko tiyata, har ma da sa gaɓar ƙarfe, na iya zama mafita. Sai dai tarihin wannan fanni yana da tabo. A shekarun 1980 an dasa wa dubban mutane a Amurka wani faifai mai Teflon a madadin nasu, ya riƙa farfashewa a ciki yana cin ƙashi, har hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta fitar da gargaɗi a ƙarshen 1990 aka janye shi. Da yawansu sun ƙare da ciwon da ya fi wanda ya kai su.

Akwai abin da likitata ta nanata mini, ni ma nake nanata wa duk wanda ya zo mini da ƙorafin muƙamuƙi: ba kowane ciwo a wurin ne irin nawa ba. In ya zo da kumburi, ko zazzaɓi, ko wani sashe na fuska ya daina jin taɓi, ko cizo ya sauya farat ɗaya, a gaggauta zuwa asibiti. Wanda ya haura shekara 50 ya fara jin muƙamuƙinsa na gajiya in yana tauna, ga sabon ciwon kai a gefe, ga gani dishi-dishi, zai iya zama kumburin jijiyar jini mai makantarwa, ba a kwana da shi. Ciwon muƙamuƙin da ke zuwa in an yi tafiya ko an hau bene, tare da nauyin ƙirji ko gumi, yana iya zama daga zuciya.

Yau, alhamdulillahi, ina koyarwa kamar kowa, takardar ajiye aikin ban miƙa ta ba. Ban warke sarai ba. Yakan tashi lokacin jarrabawa in takardu sun taru, ko in yaro ya yi zazzaɓi na kwana a zaune. In ya tashi nakan koma ga tawul mai ɗumi da abinci mai laushi da atisaye, in rage magana, cikin 'yan kwanaki ya lafa. In zan ga likitan haƙori nakan gaya masa tun kafin in zauna cewa ina da matsalar muƙamuƙi, a riƙa ba ni hutu in rufe baki, a kuma sa mini ɗan abin tokare haƙora don kada tsokar ta yi ta riƙo ita kaɗai. Gurbin haƙorin da aka cire har yanzu ban cike shi ba. Likitata ta ce babu gaggawa, in ma za a yi, a raba aikin zuwa gajerun zama. Amitiriftilin ɗin kuma mun fara rage shi a hankali, don ba a yanke shi lokaci ɗaya, mu ga yadda barcin zai kasance ba tare da shi ba.